Ƙaramin ma'aikaci: ga lissafin albashinsa, ga inda kuɗin ke zurarewa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini mu yi magana a kan mutanen da ba a cika tunawa da su ba sai ranar 1 ga Mayu ko ranar da aka tsunduma yajin aiki: malamin firamare, masinja, mai shara a asibiti, mai gadi, malamar makarantar kuɗi, leburan masana'anta a Sharaɗa ko Bompai ko Kakuri. Kullum nasihar da ake yi musu ita ce su yi haƙuri, su yi tattali. Haƙuri dai suna da shi, tattali kuwa babu wanda zai koya wa matar da ke raba tiya ɗaya gida uku. Abin da suka rasa shi ne bayani dalla-dalla: me doka ta ba su, ta wace kafa kuɗinsu ke zuba, wace dabara ce ke riƙe gida, wacce kuma ke rusa shi.

Bari mu fara da lissafi. A 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, mafi ƙarancin albashi naira 125 ne, kuma a wancan lokaci ya kai kusan dala 200. A 2011 aka mayar da shi 18,000. A 2019 ya koma 30,000, wato dala 80 da 'yan kai. A watan Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan 70,000, wadda a ranar ba ta kai dala 50 ba. Tsakanin waɗannan biyun na ƙarshe aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar wannan shekara bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Lambar da ke kan takarda tana ta girma, abin da take saya a kasuwa yana ta ƙanƙancewa.

A ɗauki mai 70,000 ɗin. Kashi 8 cikin ɗari na fansho zai iya kaiwa 5,600. A cire kuɗin ƙungiya, na asusun lafiya, da na asusun gidaje inda ake cirewa, abin da zai shigo banki bai fi 62,000 ba. A ce kuɗin abin hawa 500 zuwa, 500 dawowa, kwana 22 a wata, 22,000 ta tafi. Saura 40,000. In gidan mutum bakwai ne, naira 1,300 da ɗoriya ke nan a rana, kowane baki bai samu 200 ba, kuma ba a taɓo haya ba, ba a taɓo kuɗin makaranta, magani, wuta, ruwa, sabulu da gawayi ba. Duk wanda zai yi wa ma'aikaci wa'azin tattali, ya fara da wannan lissafin tukuna.

Wannan ma ga wanda ake biya 70,000 ɗin ne. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta shafi mai aikin rabin rana ba, ko wanda ake biya da la'ada ko gwargwadon abin da ya yi, ko mai aikin gona na damina. Ta wannan ƙofa ce yawancin makarantun kuɗi, shagunan magani, gidajen mai da ƙananan asibitoci ke fita. Manyan kamfanoni kuma suna da tasu hanyar: sai su ba ɗan kwangila aikin shara da gadi da lodi, su biya shi kuɗi mai kauri a kan kowane ma'aikaci, shi kuma ya miƙa wa ma'aikacin abin da ya ga dama. A ɓangaren gwamnati, jihohi sun yi sanarwa, Kano 71,000, Kaduna 72,000, Kebbi 75,000, Neja 80,000, amma sanarwa daban, shigowar alat daban, musamman a ƙananan hukumomi. Malaman firamare na Abuja, a ƙarƙashin hancin gwamnatin tarayya, sai da suka shafe sama da wata uku suna yajin aiki daga Maris na 2025 a kan wannan 70,000 ɗin. Akwai kuma waɗanda ke tsakiya, daga matakin albashi na 07 zuwa na 10, waɗanda idan an ɗaga na ƙasa ba a daidaita nasu yadda ya kamata, sai ka ga wanda ya shekara goma sha biyar yana aiki bai fi sabon shiga da wani abin kirki ba.

Yanzu ga maganar da ta fi damun mu. Ma'aikaci yakan ce "ba a san da ni ba", sai a ɗauka ƙorafin zuciya ne kawai. A mafi yawan lokuta maganar gaskiya ce ƙarara, domin a ofis takarda ce mutum. Wanda ba shi da takardar ɗauka aiki, ba shi da takardar bayanin albashi, fayil ɗinsa kuma ya kwanta a ƙasan kabad, to ga tsarin babu shi, ko da shi ke buɗe ƙofa kullum da asuba. Saboda haka gyara daga takarda yake farawa.

Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya ba shi rubutacciyar yarjejeniya kafin cikar wata uku da fara aiki, mai ɗauke da irin aikin, albashi, lokutan aiki, hutu da wa'adin sallama. Dokar ta ce kada tsakanin biya da biya ya wuce wata guda. Ta ba da hutun shekara na aƙalla kwana shida na aiki bayan wata goma sha biyu, hutun rashin lafiya har kwana goma sha biyu a shekara da cikakken albashi in likita ya tabbatar, da hutun haihuwa na mako goma sha biyu da aƙalla rabin albashi ga macen da ta yi wata shida tana aiki. Wa'adin sallama kuwa kwana ɗaya ne ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya har zuwa shekara biyu, mako biyu har zuwa shekara biyar, wata ɗaya daga nan zuwa sama. Dokar ta kuma hana a ci ma'aikaci tara daga albashinsa yadda aka ga dama, abin da ake yi kullum a kan makara ko fashewar kofi. A lura, wannan doka ta fi rufe leburori da ƙananan ma'aikatan ofis. Wanda ke sama da nan, takardar ɗaukarsa aiki ita ce dokarsa, shi ya sa rashinta ya fi yi masa illa. Inda mai wurin ya ƙi ba da takarda, ma'aikaci ya nace a riƙa biyansa ta banki, ya ajiye saƙonnin alat, katin shaida na wurin aiki, hoton rajistar zuwa aiki da duk saƙon waya da aka ba shi umarni a ciki. Ranar rigima waɗannan ne shaidunsa.

Ma'aikacin gwamnati kuma ya buɗe fayil nasa na gida, kada ya dogara da na ofis, domin na ofis yana ɓata, ruwa yana cinye shi, gara ma tana ci. A cikinsa a samu takardar ɗauka aiki ta farko, takardar kama aiki, takardar tabbatarwa, kowace takardar ƙarin girma, takardun canjin wurin aiki, takardun makaranta, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, da bayanin albashin aƙalla wata shida na baya. A ɗauki hoton kowacce a waya a tura wa wani amintacce. Sannan a zauna a gwada suna da ranar haihuwa a wuri huɗu: fayil ɗin aiki, BVN, NIN da asusun fansho. In an rubuta Muhammad a nan, Mohammed a can, ko an sa sunan gari a wata takarda an sa sunan uba a wata, ko ranar haihuwa ta bambanta da shekara guda, to ranar tantancewa kwamfuta za ta tsame sunan, a tsayar da albashi. Mayar da suna cikin jerin biya yakan ci watanni, ariyas ɗin kuma ba kullum yake dawowa ba. Gyara wannan tun babu matsala ya fi sauƙi.

Ƙarin girma ma yana da ƙa'ida. A dokokin aikin gwamnatin tarayya, waɗanda jihohi da yawa suka kwaikwaya, mai mataki na 06 zuwa ƙasa yana cancanta bayan shekara biyu, na 07 zuwa 14 bayan shekara uku, na 15 zuwa sama bayan huɗu. Abin da ke maƙale mutane shi ne fom ɗin kimanta aiki na shekara-shekara da ba a cike ba, ko an cike shugaba bai sa hannu ba, ko rashin takardar tabbatarwa tun farko. Wata matsalar ita ce a ba mutum takardar ƙarin girma amma kuɗin bai hau ba, saboda ba a aika takardar canjin albashi zuwa sashen kuɗi ba. Ofis biyu ne, kuma takarda ba ta tafiya da ƙafarta. Mai koke ya rubuta shafi ɗaya tak, da suna, lambar fayil, mataki, ranar ƙarin girma na ƙarshe, abin da yake nema a jimla ɗaya, ya haɗa kwafin hujjoji, ya bi ta hannun shugabansa na kusa. Ya yi kwafi biyu, a buga masa hatimin karɓa da kwanan wata a kan nasa. Bayan mako biyu ya koma da kwafin a hannu, bayan wata guda ya rubuta tunatarwa yana ambaton ranar ta farko. Koken baki a gindin bishiya ba ya shiga fayil. In shiru ya yi yawa, akwai reshen ƙungiya, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a wadda ke da ofis a kowace jiha kuma ba a biyan ko kwabo, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a manyan biranen jihohi, sannan Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke zama a Kano da Kaduna da wasu biranen Arewa. Kada a bari magana ta kwana shekaru, domin jinkiri yana raunana ƙara.

Fansho wuri ne da ake yi wa ƙaramin ma'aikaci yankan baya ba ya ji. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da kashi 8, mai aiki, wato wanda ya ɗauke shi aikin, ya ƙara kashi 10, a tura duka zuwa asusun ma'aikacin cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Wurare da yawa suna cire kashi 8 ɗin su riƙe. Hanyar ganewa ɗaya ce, a nemi bayanin asusu daga kamfanin fansho duk wata uku a gwada da takardar albashi, wata da wata. In an ga giɓi, a rubuta wa mai aiki, a aika kwafi ga hukumar PenCom mai kula da harkar fansho ta ƙasa. Wanda ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai samu wani ba, yana da ikon cire kashi 25 na abin da ke asusunsa. Jihohi irin su Kano da Jigawa suna da nasu asusun na jiha da nasu ƙa'idoji, amma can ma haƙƙin ma'aikaci ne ya tambayi ko an tura abin da aka cire. Haka batun asusun lafiya: ana cire wa mutum kuɗi shekara da shekaru alhali bai taɓa zuwa an ɗauki hotonsa da na iyalinsa ya zaɓi asibiti ba, sai ranar da yaro ya kwanta ya tarar babu sunansa. Wanda ya ji rauni a bakin aiki kuma, Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai aiki zuba kashi 1 na jimillar albashi a asusun NSITF, hukumar da ke biyan diyyar. Ma'aikaci ya sanar da mai aiki a rubuce cikin kwana goma sha huɗu, ya riƙe takardun asibiti. Haraji ma a duba, domin mai mafi ƙarancin albashi ba a cire masa harajin kuɗin shiga, kuma sabuwar dokar haraji ta 2025, wadda aka tsara ta fara aiki a Janairun 2026, ta yafe naira 800,000 ta farko a shekara.

Sai bashi, wanda shi ne ramin da ya fi cin mutanenmu. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma akwai wanda ake ɗauka a tashi da shi, akwai wanda ke kayar da mutum. Masu ba da rance a kan albashi sukan ce "kashi biyar ne kacal". Ba sa cewa a wata ne, kuma a kan uwar kuɗin gaba ɗaya ake lissafawa har ƙarshe, ko da an biya rabi. Wanda ya karɓi 200,000 na wata goma sha biyu, ruwan 10,000 ne duk wata, 120,000 a shekara. Zai mayar da 320,000, wato kusan 26,700 duk wata daga albashin da bai fi 62,000 ba. Kafin nan an zare kuɗin fom da na inshora daga 200,000 ɗin, bai ma riƙe ta cikakkiya ba. A wata na biyar ko na shida, in wuya ta yi wuya, sai su yi masa tayin ƙari, su biya kansu tsohon bashin daga sabon, su miƙa masa 'yan canji, wa'adi ya koma farko. Ban da haramcin riba da malamai suka sha bayani, lissafin kansa ya isa hujja.

Akwai wani salon da ake ganin kamar ya fi tsabta, wato a karɓi kaya bashi a karyar. Mutum ya karɓi shinkafa ko waya ko firiji a kan 150,000 zai biya cikin wata shida, ya fita ƙofa ya sayar 110,000 kuɗi hannu, wani lokaci ma ga yaron mai shagon. Ya yi asarar 40,000 a kan 110,000 cikin rabin shekara, sama da kashi 36 cikin ɗari. Mafi muni shi ne miƙa katin ATM da lambar sirri ga mai bin bashi, domin daga ranar shi ke karɓar albashi ya ba mai shi ragowa. Manhajojin rance na waya kuma suna neman izinin shiga lambobin da ke wayar mutum, ranar da ya makara sai surukinsa da limaminsa su samu saƙon cin mutunci. Tsaya wa abokin aiki a bashi ma a yi hattara, in ya gudu ko aka sallame shi, albashin wanda ya sa hannu za a kama. Ma'aunin da muke ba da shawara a riƙe shi ne wanda Dokar Ƙwadago ta sa wa masu aiki, kada jimillar abin da ake cirewa a wata ta wuce kashi ɗaya bisa uku na albashi. Wanda ya riga ya nutse ya rubuta duk basukansa a takarda ɗaya, da wanda ake bi, da nawa, da ruwan kowanne, ya fara kashe mai ruwa mafi tsada, ya je wa mai kanti da mai haya da kansa tun kafin su aiko, ya faɗi abin da zai iya bayarwa duk wata. Yawancinsu sun fi son kaɗan mai tabbas a kan ɓuya.

Adashi ya fi waɗannan duka, in an tsara shi. Mutum goma, 5,000 kowanne, kwasa 50,000. Yana lalacewa ta hanya uku. Ta farko, waɗanda suka kwasa da wuri su fara sanyin jiki wajen zubi, maganinta a haɗa mutanen da albashinsu ke shigowa rana ɗaya, a yi zubi cikin kwana biyu da shigowar alat, sabon shiga kuma ya kwasa a ƙarshe. Ta biyu, uwar adashi ta juya kuɗin a kasuwancinta, maganinta kuɗi ya tafi kai tsaye ga mai kwasa, a rubuta a littafi kowa ya sa hannu. Ta uku hauhawar farashi ce, domin 50,000 ta wata na goma ba ta sayen abin da ta wata na ɗaya ta saya. A nan sai a juya jerin a zagaye na gaba, na ƙarshe ya zama na farko, kuma kowa ya zaɓi watan da ya dace da babbar buƙatarsa, haya, ko kuɗin makaranta a Satumba, ko sayen hatsi da kaka. Ƙungiyar taimakon kai da kai ta wurin aiki, in tana da rajista, masu sa hannu uku a banki da binciken kuɗi duk shekara, ita ce wurin rance mafi sauƙi. Duk wanda kuma ya zo da alƙawarin ninka kuɗi cikin wata, a tuna da MMM a 2016 da CBEX a 2025, tsare-tsaren ninka kuɗi da suka rushe da kuɗin jama'a.

Sayen hatsi da kaka shi ne dabarar da ta fi riƙe gidajen ma'aikata a Arewa. Buhu tiya 40 ne, gidan da ke cin tiya ɗaya a rana yana buƙatar buhu tara a shekara. Ko uku aka samu aka ajiye, an tsallake watannin Yuli zuwa Satumba, lokacin da hatsi ya saba yin tsada. Mutum biyar su haɗa kuɗi su saya a kasuwar ƙauye ko Dawanau su raba kuɗin mota. A saya don ci, kada a ci bashi a saya don jiran riba, domin akwai shekarar da farashi ke faɗuwa bayan kaka, kamar yadda aka gani a 2025. Abin da ke ɓata ajiya danshi ne da ƙwari. A ciza ƙwayar masara, in ta fashe da ƙara ta bushe, in ta lotsa a sake shanyawa. Wake da masara a zuba su a buhun nan mai ciki uku, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, a ɗora a kan katako nesa da bango, kada a buɗe sai za a fara ci. Ba ya buƙatar magani, rashin iska ke kashe ƙwarin, amma in ɓera ya huda ledar aikin ya ɓaci. Kada a zuba fiya-fiya a abinci, kada kuma a sa ƙwayar maganin hatsi mai fitar da iska a ɗakin da mutane ke kwana, tana kisa.

Sana'a ta biyu kusan kowa na yi. Kundin tsarin mulki ya hana cikakken ma'aikacin gwamnati gudanar da kasuwanci, amma ya bar masa noma, don haka gona da kiwo su ne mafi aminci. Mai jan A Daidaita Sahu da yamma ya cire balas, mai, gyara da kuɗin tikiti kafin ya kira ragowar riba. Jarin sana'ar uwargida a raba shi da kuɗin cefane, in ba haka ba cikin wata biyu tukunya za ta cinye shi. Mai son ƙaro karatu ta Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna ko Buɗaɗɗiyar Jami'a ya karɓi izini a rubuce kafin ya fara, domin da yawa sun gama digiri an ƙi amfani da shi wajen sauya musu layi saboda babu takardar izinin.

Ciwon zuciyar kuma gaskiya ne, ba ma raina shi. Mai sharar da ta shekara goma a ɗakin haihuwa ba a taɓa kiran sunanta ba sai "ke", malamin da ɗalibinsa na jiya ya zama kansila ya wuce shi a mota, mai gadin da aka yi walimar ƙarshen shekara aka manta da shi a bakin ƙofa, duk suna komawa gida da abu a ƙirji. Wasu sai su janye jiki, su zo a makare su tashi da wuri. Wasu su fara karɓar na goro. Wasu su sauke fushin a kan mata da yara. Duk ukun suna ƙara wa mai rauni rauni, domin ɗan talaka ne ke zaune a ajin da malami bai shiga ba, kuma takardar tuhuma ɗaya a fayil tana iya cinye ƙarin girman da aka jira shekara uku. Abin da muka ga yana rage nauyin shi ne kada mutum ya ɗauke shi shi kaɗai. Maigida ya zaunar da matarsa ya nuna mata ainihin abin da ke shigowa, domin ɓoye albashi ke haifar da zargi. A riƙa halartar taron reshen ƙungiya, a tambayi shugabanni ina kuɗin da ake cirewa duk wata yake tafiya, a ƙi sake zaɓen wanda ba ya kawo rahoto. Koken mutum ashirin a takarda ɗaya ya fi wuyar jefawa a kwandon shara. Inda babu ƙungiya, kamar yawancin makarantun kuɗi, tsarin mulki ya ba kowa 'yancin shiga ko kafa ta.

Ga masu ɗaukar ma'aikata, akwai abubuwan da ba sa cin kuɗi. A sa ranar biya tsayayya, in za a makara a faɗa tun da mako guda, domin mutum ya san abin da zai gaya wa mai kanti. A ba da takardar bayanin albashi ko da rubutun hannu ce. A saya wa mai shara safar hannu da takalmin roba, mai gadi a ba shi tocila da rigar sanyi da ranar hutu ɗaya a mako. A san sunan kowa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a ba ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe, kuma ya kira jinkirin mawadaci wajen biya zalunci. Mai makarantar da ke karɓar kuɗin zango gaba ɗaya a makon farko, sannan ya hana malamai albashin watan hutu, ya san a wane ɓangare yake.

Kai kuma Malam Edita, ga roƙonmu. Dokar 2024 ta rage wa'adin sake duba mafi ƙarancin albashi daga shekara biyar zuwa uku, wato 2027 za a koma teburi. Kafin lokacin, ka ware ɗan gurbi sau ɗaya a wata, wakilanka na jihohi su kawo abu huɗu: ranar da aka biya ma'aikatan jiha, ranar da aka biya na ƙananan hukumomi da malaman firamare, ainihin abin da mai mataki na 01 ya gani a waya, da farashin tiyar masara, shinkafa da wake a babbar kasuwar jihar a wannan makon. A buga su gefe da gefe, wata bayan wata, da sunan kowace jiha.

Wassalam.

Naka,
Wasu tsofaffin ma'aikatan sashen albashi da 'yan ƙwadago,
Kano da Kaduna.